Marin Yaya da Muryar Gwiwar Ƙarfe

Shekara goma sha tara ina yi wa wani mutum baki, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Shi ya yi duka, ni in yi magana. Aikina ke nan, fassarar fina-finan faɗa. Ina zama a wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo, makirfo a gabana, kwamfuta a gefe, in ɗora muryata a kan ta jarumin. Sunansa na gaskiya harshena bai taɓa iya ɗauka ba, don haka tun a fim na farko na raɗa masa Gwiwar Ƙarfe, sunan kuwa ya bi shi. Ni mai muryar, tawa gwiwar sai na dafa bango nake miƙewa.

Ba na jin yarensu. Kalma biyu na sani, ɗaya ina zaton "a'a" ce, ɗayar kuma ihu ce. Maigida, wato mai situdiyon, ya san haka, kuma ko a jikinsa. Sai in kalli fim sau biyu, in gane wanda aka kashe da wanda ya kashe, sauran in cike daga kaina. Ba wani wuya gare shi ba, don labari ɗaya ne ake sauya masa riga. Kafin minti goma za a kashe masa wani: ƙane, malami, mata, sau ɗaya ma kare. Ya yi kuka a cikin ruwan sama. Ya hau dutse ya yi wata uku yana dukan itacen da bai yi masa komai ba. Ya sauko, mutum arba'in su kewaye shi, su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu bin layin karɓar magani. Ya farfasa teburan mutane da gilasansu, ba a taɓa nuna mai sharewa ba. Daga nan sai bos, wato babban mugun.

Kada a ɗauka raina shi nake yi. Ina son mutumin, har yanzu ma, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan. Idan ya tashi sama ya juya, ƙafarsa ta sauka a haƙarƙarin mugu, babu igiya babu dabarar kyamara, jikinsa ne. Duk wanda aka taɓa wulaƙantawa a ofis ko a bakin ƙofar wani ya haɗiye ya yi murmushi, ya san dalilin da ya sa muke kallonsa. Shi ba ya haɗiyewa. Awa ɗaya da rabi wani yana rama mana, mu koma gida da sauƙin ƙirji.

Matsalarsa ɗaya a wurina, ba shi da magana. Yakan yi minti ashirin bai ce uffan ba, masu kallo kuwa ba sa son shiru. Saboda haka duk lokacin da kyamara ta koma bayansa sai in cusa masa zance. A fim na uku, dab da zai fara dukan bos, bakinsa ya ɗan motsa, ina ga tari ya yi. Ni kuwa na sa masa: "Tsaya daidai, ba na maimaitawa." Maganar ta shiga gari. Direbobi suka rubuta ta a bayan motoci, na taɓa jin wani malamin makaranta yana faɗa wa ɗalibansa. Nakan wuce in ji kaina ya yi girma, duk da babu wanda ya san fuskata.

Yaya ya girme ni da shekara tara. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya fara sa ni a gareji, shi kuma ya cire ni bayan wata biyu, ya ce wanda ba ya bambance sifana mai lamba goma sha biyu da mai goma sha uku gara ya koma makaranta kafin ya kashe wani. Bai taɓa kallon fim ɗina har ƙarshe ba. In aka tambaye shi sana'ar ƙanensa sai ya ce surutu. Shekara ashirin da bakwai yana aikin birki a gareji ɗaya, a kan rami ɗaya, ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota. Da hannunsa ya haƙa shi, ya shafe shi da siminti, ya yi masa matakala uku da 'yar kanta ta ajiye fitila. Tsohon da ke da garejin ya rasu bara, ɗansa ya hau kujera, ya ce a riƙa kiransa Manaja.

Ranar Asabar matar Yaya ta kira ni a waya ta ce in zo. Lahadi da safe ta tare ni a bakin ƙofa ta ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa. Manaja ya ba Yaya wasu takalman birki ya sa wa motar wani, ya ce sababbi ne. Yaya ya juya su, ya kankare da farce, ya ce tsofaffi ne aka fesa wa fenti, ba zai sa ba, a gaban mai motar. Mai motar ya ja abarsa ya tafi. Manaja ya fito tsakiyar gareji, ya ajiye wayarsa a kan wata mota, ya naɗe hannun riga, ya wanke Yaya da mari. Mutum mai shekara sittin. Sannan ya ce ranar Litinin ƙarfe goma ko dai ya ba shi haƙuri a gaban kowa, ko ya kwashe kayansa ya bar ramin.

Na tambaye ta ko akwai wanda ya ce wani abu. Ta ce babu, sai shi Manajan, kafin ya kai hannu. Ta dube ni ta ce, "Ai ka san maganar. Taka ce. Wai tsaya daidai."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakali ba. Maganar da na ƙirƙira don in rufe tarin wani baƙo, ita wani yaro ɗan shekara talatin ya aro ya mari yayana. Na rasa wanda zan fara shaƙewa, Manaja ne, ko Gwiwar Ƙarfe, ko wancan wawan da ke jin kansa ya yi girma idan ya ga bayan mota.

Yaya yana tsakar gida yana wanke sifanu da kananzir a cikin gwangwani, yana jera su a kan buhu daga ƙarami zuwa babba. Kuncinsa na hagu ya ɗan tasa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara. Sai na fara. Na yi maganar mutunci, na yi maganar mahaifinmu, na ce idan aka bar wannan gobe takalmi za a sa masa a fuska. Ina jin na yi minti goma, kuma da a situdiyo ne da Maigida ya tafa min. Yaya bai ɗago ba. Da na gama ya ce gobe zai je ya ba da haƙurin, minti biyu ne, mutum goma sha biyu ne suka gani kuma duk sun san gaskiya, nan da wata ɗaya an manta. Ya ce a shekarunsa ba zai iya komawa kwanciya a ƙasa ƙarƙashin mota ba, ƙugunsa ba zai ɗauka ba, ramin nan shi ne aikinsa.

Na ce ni ba zan iya haɗiye wannan ba.

"Fuskata ce ko taka?" in ji shi. Ya goge wata sifana ya ajiye. "Kada ka zo."

Na koma gida ina huci. Da rana na shiga bayan ɗaki na tuɓe riga, na ce bari in ga ko shekara goma sha tara na kallo sun bar min wani abu a jiki. Na ɗaga ƙafar dama. Ta kai tsayin bokiti, ta kuwa tafi da shi. Uwargida, wato matata, ta leƙo ta taga, ta dubi ruwan da ya malale, ta dubi tumbina, ta ce idan na karye in nemi mai kai ni asibiti, ita wanki take yi. Ta kuma ce tunda mai fuskar ya ce kada in je, ban ji ba ne ko fassara nake jira. Na yi tsaki. A fina-finan Gwiwa ma mata kan ce kada ya je, kuma kowa ya san ba don a ji ake sa su faɗa ba.

Litinin ƙarfe tara da rabi ina bakin garejin. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk da baƙin mai, injuna biyu a rataye da sarƙa, injin iska yana ta gurnani a kusurwa. Wata farar bas tana kan ramin Yaya, ban ga komai nasa ba sai hasken fitilarsa yana motsi a ƙarƙashi. Na yi tafiyar nan ta a hankali, hannuwa a sake, kamar yadda na gani sau ɗari. Santsi ya ɗan kwashe ni a tsakiya, na dafa wata mota na ci gaba kamar da gangan na yi.

Manaja ya fito daga ofishinsa na gilashi, da fararen takalma, a gareji. Na tare shi.

A nan ne ya kamata in yi bayani. Muryata ta gida siririya ce. Uwargida ta ce idan ina yi wa yara faɗa kamar ina roƙonsu ne. Shekara goma sha tara duk fushin da na yi, a gaban makirfo na yi shi, da muryar wani, ta can ƙasan ƙirji. Ban san ba ni da wata muryar fushi tawa ta kaina ba sai da na buɗe baki.

"Kai ne ka ɗaga hannu a kan yayana?"

Garejin ya yi tsit, sai injin iska. Mai walda ya ɗage gilashinsa. Na ji daɗin shirun, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tsoro ne.

Fuskar Manaja ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. "Kai ne! Wallahi shi ne. Gwiwar Ƙarfe ne!"

Kafin in ankara ya kama hannuna na dama da hannu biyu yana girgizawa, hannun da na zo da shi don kuncinsa. Ya ce duk fina-finan ashirin da uku suna cikin wayarsa, ya ce tun yana makaranta yake jin muryata, ya ce da ya san tsohon nan yayana ne ai da ba a yi haka ba. Ya sa aka kawo kujera, aka kawo ruwa mai sanyi. Makanikai suka ajiye aiki suka zagaye mu, ba ɗaya bayan ɗaya ba, duka a tare, suna washe baki. Na bincika kaina kaf, fim ashirin da uku, babu ko ɗaya da bos ya yi murnar ganin jarumi. Ban san abin da ake yi a nan ba. Sai na karɓi ruwan na sha.

Daga nan ya zaro waya ya ce don Allah in faɗi maganar nan sau ɗaya, ya ɗauka, abokansa ba za su yarda ba. Raina ya yi baƙi ƙirin. Amma a cikin baƙin sai wata dabara ta faɗo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin da ya saba gyara labarin wasu ba tare da ya tambaye su ba. Na dubi agogon bango, goma saura kwata. Na ce idan na faɗa, maganar ba da haƙuri ta mutu, kuma ramin na Yaya ne har ranar da ya ga dama ya bari. Manaja ya ce an gama, kowa shaida ne.

Na miƙe, na gyara tsayuwa, na faɗa. Aka yi shewa. Manaja ya saurara ya ce ƙarar injin iska ta ɓata, a kashe. Aka kashe, na maimaita. Sai ya ce yana so shi ma ya fito a ciki. Ya miƙa wa wani wayar, ya tsaya kusa da ni, ya naɗe hannun riga, ya ce idan na kai ƙarshen maganar shi zai kai hannu a iska. Haka aka yi. Na ce tsaya daidai, na ce ba na maimaitawa, karo na uku ke nan, tafin hannunsa ya yanki iska daidai tsayin kuncin mutum. Wayoyi huɗu ko biyar suna sama. Wasu suka yi dariya. Mai fenti, wanda suka fara aiki da Yaya a shekara ɗaya, ƙasa yake kallo.

Duk wannan abin hasken fitilar bai daina motsi a ƙarƙashin bas ba. Sai da Yaya ya gama ɗaure notin ƙarshe, ya ce wa direban ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, sannan ya ce ya ja motar gaba. Ya hawo matakalarsa uku da fitila a hannu. Ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. Na matsa kusa na ce masa an daidaita, ba sai ya ba kowa haƙuri ba.

Bai dube ni ba. Ya fara ɗaukar sifanu yana jerawa a akwatinsa na ƙarfe. Manaja ya ce haba Baba, ai an wuce wurin, ya yi zamansa. Ko kallonsa bai yi ba. Sai da ya rufe akwatin ya sa kwaɗo sannan ya juyo gare ni, ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai da mai walda muka ji.

"Ranar Asabar mutum goma sha biyu suka gani. Da na ba da haƙurin, a nan maganar za ta mutu. Yanzu duk wanda ya kawo mota zai zo da ita a aljihu, ya leƙo ramin ya ga wanda aka mara." Ya rataya fitilar a kafaɗa. "Shi sau ɗaya ya yi min."

Akwatin hannu biyu gare shi, mutum ɗaya ba ya ɗauka. Na sunkuya zan kama ɗayan. Yaya ya ɗaga kai ya kira mai walda, ya ce ya taimake shi zuwa titi. Na tsaya da hannuna a miƙe ina kallon bayansu. Manaja yana gefena yana tambaya ko gaskiya ne a fim na goma sha ɗaya Gwiwa ya karya ƙafarsa da gaske.

Kafin Laraba abin ya zaga gari, har da bayanin waye aka mara da inda aka mare shi. Maigida ya tare ni da fara'a ya ce yanzu an san fuskata, ya kamata mu sa ta a talla. Ya kuma ce sabon fim ya iso. Na zauna na kunna. A minti na takwas aka kashe yayan Gwiwa, wani mai gyaran jiragen ruwa.

Na tsayar da hoton na daɗe ina kallo. Shekara goma sha tara, sai ranar na gane dalilin da ya sa suke saurin kashe mutumin. Gawa ba ta cewa kada ka zo. Ba ta da aikin zuwa ranar Litinin, ba ta da ƙugu mai ciwo. An kawar da ita tun da wuri don jarumi ya samu fili ya ji haushi yadda ransa ke so, ya kira abin biyayya. Na zagi Gwiwar Ƙarfe da muryarsa, a ɗakin kwalayen ƙwai, inda babu mai ji. Ban huce ba, don shi ko a mafarki bai taɓa ce wa kowa ya tsaya daidai ba. Tari ya yi.

Bakin mai mutuwar yana motsi na daƙiƙa shida. Na sa masa: "Ka zauna a gida, ban aike ka ba." Maigida ya saurara, ya cire abin kunne, ya tambaye ni to sauran minti tamanin ɗin me za a ce wa mutane yana yi. Zan so in ce na tsaya kai da fata. Na goge, na sa "ka rama min". Ina da yara huɗu da murya ɗaya.

Yaya yanzu a ƙofar gidansa yake aiki. Yana shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙasa, ya ja jiki ƙarƙashin mota, idan zai fito sai ya yi numfashi biyu kafin ya miƙe. Sati uku ina zuwa gaisuwa yana amsawa da kalma ɗaya. A Asabar ta huɗu na aro diga da shebur, na ɗaura a bayan babur, na je da sassafe. Ban yi sallamar da ta wuce ƙa'ida ba, ban yi jawabi ba. Na zaɓi wuri a gefen katanga na fara sara, in haƙa masa rami. Sara na biyar bayana ya ce bai san zancen ba. Matar Yaya ta leƙo ta koma. Shi yana zaune a kan akwatinsa yana kallona, har gumi ya jiƙa min riga, har na haƙa zurfin da zai ɗauki kaza ɗaya idan ta yi haƙuri.

Sai ya tashi, ya ɗauki babbar sifana, ya zo ya tsaya a kaina.

"Bututun ruwa ne a nan," in ji shi. "Ko wannan ma ba za ka tambaya ba?"

Ya taka taku shida zuwa hagu, ya sunkuya da ƙyar, ya ja layi a ƙasa da bakin sifanar, dogo, sannan ya ja na gicciye. Ya ce zurfin ya kai ƙirjinsa, ba nawa ba, kuma in fara cike wancan ramin banzan da na yi kafin wani ya faɗa. Ya koma ya zauna. Na ɗauki shebur na fara mayar da ƙasa, gwiwoyina suna ƙara.